Kuɗina linta kawai za su kai gini: in fitar da babban gida ko in yi ƙarami in shiga?

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a cikin garin Katsina. Matata ɗaya, 'ya'ya biyar, kuma mahaifiyata tana hannuna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaman haya a Ƙofar Ƙaura, bana ma an sake ƙara mini kuɗi. Ina da fili ƙafa 50 a 100 a bayan gari ta hanyar Dutsin-Ma, na saya a hannun wani da ya ce gadonsu ne. Na kwashi adashi, na sayar da shanu biyu, na haɗa da bashin ƙungiyar ma'aikata. Birkila ya duba ya ce kuɗin za su kai gida mai ɗaki huɗu da falo biyu har linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, kuma ba sai an zana ba, tsarin yana kansa. Yayana ya ce in fitar da gidan gaba ɗaya har da ginshiƙan bene, tunda gini ba a gama shi rana ɗaya. Maiɗakina kuma tana son irin na zamani, rufaffe, mai tayil da POP da dogon rufi. Ni dai na gaji da haya, kuma ina tsoron kuɗin su narke a hannuna. Ina neman shawara.

Malamin makaranta, Katsina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa albarka a abin da ka tara, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ranar Asabar mai zuwa ka hau mashin ɗinka ka bi hanyar nan ta filinka a hankali, ka ƙirga kangayen da za ka wuce. Bulo ya yi baƙi, rodi ya miƙe sama ya yi tsatsa, tumfafiya ta fito a tsakiyar falo, awaki sun mai da ɗakin maigida wurin kwana. Babu ɗaya daga cikin masu su da ya fara da niyyar barin kango. Kusan dukansu abin da birkilanka ya faɗa maka aka faɗa musu: kuɗin za su kai linta. Kuma ba ƙarya aka yi musu ba, sun kai ɗin.

Matsalar ita ce linta ba rabin gida ba ce, ko da yake ido yana ganin kamar an ci ƙarfin aiki. Bayan linta akwai katako da kwano da kuɗin kafinta, akwai ƙofofi da tagogi da ƙarafunansu, akwai waya da famfo, filasta ciki da waje, daɓe, silin, sokawe. Bulo kana iya saye ɗari-ɗari daga albashi. Rufi kuwa ba a yin sa a gutsure, lokaci ɗaya yake son kuɗinsa, kuma gwargwadon faɗin gidan gwargwadon kuɗin. Kai ga bashin ƙungiya ana cirewa duk wata, ga haya, ga bakuna takwas. A ina kuɗin rufin ɗaki huɗu da falo biyu za su fito?

Don haka shawarata ita ce: a zana maka gidan gaba ɗaya a takarda, yadda kake fatan ganinsa nan da shekara goma sha biyar, amma ka gina ɓangare ɗaya kawai, ka gama shi, ka shiga. Ɗaki biyu da falo, ɗakin Hajiya, kicin, banɗaki. Ranar da ka miƙa makullin gidan haya, kuɗin da kake bai wa mai gida duk shekara sun zama bulo. Mai kango kuwa yana biyan haya, yana biyan bashi, kuma damina tana cin bulonsa kyauta.

Amma kafin a sari ƙasa, kalma ɗaya a wasiƙarka ta fi tayar mini da hankali fiye da maganar kuɗin: gado. Wanda ya sayar maka shi kaɗai ne magaji? An raba gadon kuwa, ko shi ne dai babba ya miƙa hannu ya karɓi kuɗi? Rigimar filin gado ba ta tashi lokacin da fili yake fili. Sai ka yi rufi ka shafa fenti, sannan wata ƙanwa da ke aure a Maraɗi ko Funtuwa ta zo ta ce ba da saninta ba, kuma shari'a tana iya ba ta gaskiya. Ka koma wurin mai unguwar wajen, a tara magada maza da mata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu. In akwai takardar rabon gado daga kotu, ka karɓi kwafinta. Sannan ka tuna cewa tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar cikin birni a hannun gwamna take, takardar dillali da hatimin mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. Ka je ma'aikatar filaye a duba ko wurin bai faɗa cikin hanya, ko filin makaranta, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba, ka fara neman takardar mallaka, ka kai zanen gidan Hukumar Tsara Birane a ba ka izinin gini. Akwai zirga-zirga, na sani. Amma ta fi sauƙi a kan hukuma ta shafa wa bangonka jan fentin rusau.

Abu na biyu, yaushe ka ga filin nan? In da rani ka saya, to ba ka gan shi ba tukuna. Filin Katsina a watan Maris duk kyakkyawa ne, busasshe, shimfiɗaɗɗe. A watan Agusta ake sanin halinsa. Ruwanmu ba shi da yawa in an haɗa na shekara, amma a 'yan watanni yake sauka, wani lokaci na mako guda a dare ɗaya. Mutanen Jibiya ba su manta daren ambaliyar nan ta Yulin 2018 ba. Ka je washegarin ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake bi da inda yake kwanciya. In ba ka iya jiran damina, ka dubi gindin katangar maƙwabta, ruwa yana barin zanensa a jikin bango. Ka tambayi tsofaffin wurin ko an taɓa haƙar ƙasar gini a nan aka cike. Tsohon kududdufi da aka cike da shara yana cinye gida a hankali.

Kuma ka ɗaga gidanka. Unguwar bayan gari yau hanyarta turɓaya ce, gobe in an zo yin kwalta za a zuba marmara a ɗaga titi, a yi lambatu, gidan da aka yi daidai da ƙasa ya koma rami. Ka zagaya tsofaffin unguwanni ka ga gidajen da sai an sauka matakala ake shiga zaurensu. Layi uku na bulo sama da hanya, ko huɗu in wurin gangare ne, ba ɓarna ba ce. Cikon a zuba shi kaɗan-kaɗan, ana jiƙawa ana daddaɓewa, kada a juye tifa guda a baje a ce an gama. Cikon da ba a daddaɓe ba shi ke sa daɓe ya dare bayan shekara biyu, tayil ya riƙa ƙara kamar ganga in an taka. Kafin a zuba kankaren daɓe, wanda magina ke ce wa jaman, a yi feshin maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri. Ledar nan kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ita ke hana danshi hawa bango yana zubar da fenti duk damina.

Yanzu maganar birkila da tsarin da ke kansa. Ba na raina birkila, akwai masu hannu ƙwarai a garin nan. Amma abin da ke cikin kan mutum ba ka iya ƙirga shi, ba ka iya nuna wa maiɗakinka, ba ka iya kai shi hukuma, kuma ranar da kuka saɓa ya tafi da abinsa. Ka nemi mai zane, ko cikin waɗanda suka karanta fannin a kwalejin Hassan Usman, ya zauna da kai da iyalinka. Gyaran ƙofa a takarda magogi ne kawai. Gyaranta a bango guduma ce da siminti da ɓacin rai. Da zane a hannu za a iya lissafa maka bulo nawa, rodi nawa, kwano bandir nawa, ka je kasuwa da kanka ka ji farashin makon.

Maganar bene kuwa, ka gaishe da Yaya, ka ce masa an ji. Shawararsa ta ƙauna ce, amma ba daga aljihunsa za a zuba ginshiƙan ba. Tushen bene daban yake da na gidan ƙasa, kuma ba abin da birkila zai kintata ba ne, aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, wanda zai dubi ƙasar ya faɗi kaurin rodi da faɗin gindin kowane ginshiƙi. Abin da aka saba gani shi ne a tsaya tsakiya: a ƙara rodi kaɗan "saboda gaba", kuɗi su tafi, amma abin da aka binne bai isa ɗaukar bene ba. An yi asara sau biyu ke nan, ko sau uku in wani magaji ya yarda da labarin ya ɗora benen a kai. Fili ƙafa 50 a 100 ya ishe ka ɗaki shida a ƙasa da tsakar gida. Kuma Hajiya ba za ta hau matakala ba, kai ma nan da shekara ashirin gwiwarka za ta fara ba ka shawara.

Inda nake so ka kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba shi ne wurin da ba wanda zai gani. Bari in ba ka nawa labarin. Lokacin da na yi gidana na sami wani mai buga bulo da farashinsa ya fi na kowa sauƙi, na yi murna na sa aka kawo dubu guda. Ana saukewa daga mota ina tsaye, na ga yaran suna ajiye shi a hankali kamar ƙwai, ban gane ba. Da yamma ɗana ƙarami ya hau kan tarin yana wasa, gefen bulo ya marmashe a ƙarƙashin ƙafarsa. Na ɗauki ɗaya na murza kusurwarsa da babban yatsa, sai ga yashi yana zuba kamar garin kwaki. Abin da ya fashe kafin a gama aiki ya cinye rangwamen har ya ɗora, kuma bangon yamma na gidan har yau yana tuna mini. Araha ba ta ado.

Buhun siminti kilo 50 ne. Bulo mai inci tara na kirki bai kamata buhu ya haifi fiye da 30 ba, amma akwai masu jan sa har 45 ko 50. Gwajin ba wuya: ka ɗaga bulo zuwa ƙirjinka ka sake shi a ƙasa mai tauri. Na kirki zai tsaya, ko ya ɓantare kaɗan. In kana da wanda zai tsaya maka, ka sayi siminti da yashi a buga a filinka, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Bangon waje da duk wanda zai ɗauki nauyi inci tara, na raba ɗakuna inci shida ya isa. Kankaren tushe da linta da ginshiƙi kuwa awonsa sananne ne: buhu ɗaya hedfan biyu ne, wato kwanon da lebura ke ɗaukar kwaɓi da shi, a sa masa yashi huɗu, tsakuwa takwas. Ranar zubi ka nemi izini a makaranta ka tsaya da ƙafarka, don a nan ake ƙara yashi da ruwa saboda kwaɓin ya yi wa lebura laushi. Yashin ma ka damƙa a hannu, in ya bar maka laka a tafi, ƙasa ce aka haɗa. Rodi kuma wani sunansa ne kawai mai milimita sha biyu, ka sa a auna kaurinsa a gabanka.

Sai ruwa. Yawancinmu bayan damina muke gini, cikin hunturu, lokacin da iska ke busar da wanki kafin a gama shanya. Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so, da ruwa yake yin ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Ka sa kuɗin 'yan garuwa ko tanka cikin lissafi tun farko, ka ɗauki yaro ɗaya aikinsa kawai shayar da gini.

Maganar maiɗakinka ita ce ta fi buƙatar lalama, don ita za ta yini a gidan, kai kana makaranta. Kada ka ce mata a'a, ka ce mata bi da bi. Tayil da POP da fenti mai sheƙi kaya ne da ake sa wa gida kowace shekara aka samu hali, ana ciki ma ana yi. Daɓen siminti mai santsi da leda ya isa shiga. Abin da ba ya gyaruwa daga baya shi ne tsawon bango, da inda taga take kallo, da inda iska za ta bi. Ki yi haƙuri, uwargida, in Malam ya karanta miki wannan: gidan nan rufaffe da kike gani a hoto an yi shi ne don na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. A Katsina cikin Afrilu, zafi ya haura 40, wuta ta tafi, gidan ya koma tanda, kuma ba tsakar gidan da za a shimfiɗa tabarma. Kakanninmu da suka yi soro da tubali da azara, bango mai kauri, ƙananan tagogi, fili a tsakiya, ba rashin wayewa ya sa su ba. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon zaure a cikin birni da azahar ya san bambancin, kuma hasumiyar Gobarau da ƙasa aka yi ta, tana nan tsaye. Ba cewa nake ku koma ginin ƙasa ba, yaɓen kowace shekara ba ƙaramin aiki ba ne. Cewa nake ku ɗauki hikimar.

A aikace: bango ya kai layi 12 daga daɓe, wato mita uku, ko ya ɗara. Manyan tagogi su kalli kudu da arewa, kowane ɗaki ya sami biyu a bango daban-daban don iska ta ratsa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe zafin har tsakar dare, sai a jera sito da banɗaki a can, kada a sa ɗakin Hajiya. Ita a ba ta wanda ƙofarsa ke buɗewa tsakar gida, da banɗakinta a ciki, ba tudu a bakin ƙofa, kusa da inda jikoki ke wasa, nesa da hayaƙin kicin. A yi baranda mai faɗi, a nan rabin rayuwar gidan za ta kasance. A bar wurin murhun gawayi ko itace a waje, ko da akwai gas, saboda ranar suna da Sallah. Ka dasa bedi tun yanzu, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, amma nesa da bango da sokawe, saiwarsa ba ta da kunya.

Dogon rufin nan mai tsini kuwa, na garuruwan kudu ne inda ruwa ke kwana yana zuba. A nan katako da kwano kawai yake ci, kuma ya tare iska. Abin da ke kashe rufi a ƙasarmu ba yawan ruwa ba ne, guguwar farkon damina ce, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Kowace shekara sai ta yaye gidaje da azuzuwa. Maganinta tun wajen linta ake yi: a binne rodi ko langalanga cikin kankare, a naɗe katakon da rufin zai zauna a kai, kada a dogara da ƙusa kaɗai. Katakon a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Kwano mai haske ya fi mai duhu sanyi, kuma a bar ƙananan kafofi masu raga tsakanin silin da kwano don zafi ya sami mafita. In za a ɓoye rufin cikin rawani, wato gajeren bangon da ke kewaye saman gida, yana tsare iska ƙwarai, amma sai an yi magudanarsa da kyau da indararo masu faɗi, in ba haka ba ruwan cikin bango zai bi.

Sokawe da rijiya a sa su a zane tun farko, kowanne a kusurwarsa. Masana lafiya suna son tazarar mita 30 a tsakaninsu, tsawon filinka gaba ɗaya ke nan, don haka ka leƙa ka ga inda maƙwabci ya haƙa nasa ramin kafin ka zaɓi wurin rijiya. Ramin ya kasance ta bakin hanya inda motar kwasa za ta iya kaiwa. Ka gaya wa mai famfo ya juya mazaunin banɗaki kudu ko arewa, kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, wannan in an manne tayil ya wuce gyara. Bututun waya a binne kafin filasta, kuma a ware layin fitilu da fanka daban, ranar da ka sami halin sola ba sai an fasa bango ba.

Katanga tana ba mutane mamaki. Kewayen filinka ƙafa 300 ne, in za a kai ta tsawon da za ta suturta iyali tana neman bulo sama da 2,000, kwatankwacin na ɗaki biyar. Ba a zama ba sutura, balle a bayan gari a wannan zamani. Amma inci shida da ginshiƙai a tsakani ya isa, ba filasta, ba ado, ƙofa mai ƙarfi guda ɗaya. In maƙwabci ya riga ya ja tasa, ku yi magana ta fahimta, a rubuta.

Aikin kuma ka bayar da shi jinga, mataki-mataki: tushe zuwa jaman kuɗi kaza, jaman zuwa linta kaza. A rubuta, shaidu biyu, kuma kada kuɗinka su riga aikin gaba, ko da birkilan ɗan'uwa ne. Musamman ma in ɗan'uwa ne. Kaya kai za ka saya, ka ajiye littafi, ka ƙirga buhunan da aka zazzage kowace yamma. Tsoronka na narkewar kuɗi gaskiya ne, duk mun ga yadda buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. To ka mai da su abin da ba ya lalacewa: rodi, kwano, ƙofofin ƙarfe, a ajiye a gidan wanda ka yarda da shi. Siminti kam kada ka tara, in ya wuce wata uku ƙarfinsa yana raguwa, in ya sha danshi ya zama dutse. Ka ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ka manta da su, gini zai tuna maka.

Kwanon rufi ma shi nake so ka fara saya, tun kafin a haƙa tushe. In yana jingine a zauren Yaya, ka san iyakar faɗin da za ka fitar, kuma duk wanda ya zo da shawarar a ƙara ɗaki ɗaya, sai ka kai shi ya ƙirga bandir ɗin da kansa.